Gurbin Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Hull,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Gidan tsofaffi ya yi tsit,
sai ɗaki na sha ɗaya, inda fitila ba ta barci.

Winifred ce zaune, littafi a cinya,
fensir a hannu, tabarau a karan hanci.
Shekara talatin da huɗu, in ji ta,
tana jan babban goge a ramin makaɗa,
can ƙarƙashin dandali inda ido ba ya kaiwa.
A sama ana mutuwa da waƙa,
a ƙasa ita tana ƙirga.

"Barira, ajiye tiren nan, zo ki gani."

Kowane shafi gida tara ne,
kowane gida ɗaki tara,
daga ɗaya zuwa tara kowa ya shiga sau ɗaya,
ba mai kwana a ɗakin wani.
A goshin shafi an zana sarewa, ko ƙaho,
da ɗan labari layi biyu:
wata ta sha guba saboda soja,
wani sarki ya yi kuka da murya mai kauri.
In ka cike guraben duka,
lambobin da aka yi wa zobe
sai su faɗa maka shekarar da aka fara rerawa.

Ni da na leƙa, hatimin kakana na gani,
a Gumel, a zaure, da tawada da alƙalamin kara:
uku sau uku,
ko ta ina ka bi, goma sha biyar ce.
Shi yana nema wa mutane tsari,
ita tana nema wa dare hanyar wucewa.

Jiya sunan ɗanta ya kuɓuce mata.
Shekaranjiya ta kira ni da sunan ƙanwarta
wadda ƙasa ta daɗe da rufe wa ido.
Amma ta dubi layi ta ce,
"Nan ba huɗu ba ne,
huɗu ya riga ya yi magana a sama."

Na ce, to mu jefa biyar mu gani.
Ta ɗan buge min yatsa da fensir.
"Ba a canki-canka a nan, yarinya.
Wanda ya shigo kafin sanda ta sauka
ya ɓata wa mutum sittin aiki.
Kin san rabin sana'ata shiru ne?
In ƙirga sittin da huɗu, goge a jingine,
baki na motsi, ƙafa na taɓa ƙasa,
sannan in ja sauti ɗaya tak.
Amma fa a gurbinsa."

Sai ta yi ta gunguni a maƙoshi,
wani amo mai hawa kamar mai hawan tsani da kaya.
Ban san harshen ba.
Na dai san shayinta ya huce,
ni ma na manta ƙafafuna na ciwo.

Ran Alhamis ta tafi, bayan la'asar,
ba ni ke aiki ba.
Ɗanta ya zo daga Leeds,
ya tattara ta cikin kwali biyu.
Littafin ya juya shi, ya ce, "Ko kina so?"

Shafi na hamsin da takwas.
Ta cike komai da hannunta mai rawa,
takwas ɗinta kamar goro biyu a ɗaure,
sai gurbi ɗaya a kusurwar dama.
Na bi layi, na bi tsaye, na bi gida.
Bakwai ne. Ko yaro ya sani.

Yau wata uku yana jakata,
tsakanin katin bas da man zafi.
In na tashi aiki da asuba,
motar na bin gefen kogi, kowa na gyangyaɗi,
nakan buɗe, in ɗora bakin fensir,
in ji ƙafata ta fara taɓa ƙasa.

Ban kai sittin da huɗu ba tukuna.