Tagar Magani

Ni ne a bayan taga,
inda takardun likitoci ke sauka.
Kafin hantsi layi ya kai gindin darbejiya.

Na san hannun kowa ko ban ga suna ba.
Rubutun Dakta Ɗanlami, tonon kaza,
magani bakwai a kan mura guda:
kafso, allura biyar,
da na ƙarin jini, don kada takarda ta yi rama.

Inna Talatuwa daga Gwammaja
ta kwance bakin zani,
ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
"Ɗan nan, cire mini masu tsadar."
To wanne zan cire?
Ba ni na saurari ƙirjinta ba.

Ɗaki na huɗu kuwa layi ba ya tafiya.
Dakta Suwaiba sai ta tambayi kalar kashin yaro,
da randar da ake sha.
Layi biyu ta rubuta.
Uban ya buga min taga:
"Tun daga Kurna na biya ɗan sahu,
a ce ruwan gishiri da sukari?
Ko allura babu?"
Ya fita yana ƙwafa.
Na san kemis ɗin da zai tsaya.

Ran Laraba mai jaka ya zo da ƙamshin turare,
ya raba biro da kalanda.
Mako bai zagayo ba,
takardu suka koma kiran suna ɗaya.

An ce yawan mai ba ya ɓata miya.
Amma ciki ba tukunya ba ne.
Ga Malam Barau, zuwa na uku,
kafson da ya tashe shi bara
bana sun saba da cutar,
har gaisawa suke.

Na ɗauki takardar Inna,
na ƙwanƙwasa ɗaki na biyu.
Mutum tamanin ya gani tun safe,
shayinsa ya huce, fanka ta tsaya.
Ya duba, ya murza ido,
ya ce, "In ban rubuta ba, cewa suke ban iya ba."
Ya yi shiru.
Ya soke biyar.

Inna ta ɗaure canjinta,
ta juya leda, ta ga ba nauyi,
ta dube ni da zargi.
Na ce, safe da dare, bayan abinci.

Na gaba.