Noti Biyu a Garwa

Hamajoda ya zo da la'asar sakaliya,
zafin Garwa bai sauka daga kan kwano ba.
Ya ajiye libarba a teburina,
tsakanin agogon liman da rediyon wani mai kwale-kwale.
Ya zare harsashi da kansa, ya nuna min ciki fayau,
sannan ya ce, "Ilu, idona ya mutu.

Shekara goma sha tara ina gadin daji a Buba Njidda.
Jiya na kafa gwangwani a kan kututture,
taku ashirin, ba ƙari,
na harba shida, gwangwani na kallona.
Yaran da na koya wa saiti suka sunkuyar da kai,
gara ma da sun yi dariya."

Ban tanka ba. Na ɗora yatsa kan madubin saiti,
na ɗan tura shi, sai ya amsa:
motsi kaɗan, kamar haƙorin yaro mai shirin famfara.
Noti biyu ne ke riƙe da shi,
kowanne bai kai ƙwayar dawa ba,
kuma duk biyun sun gaji.

Na ce, bindiga jaka ce, tana shuri.
Duk harbi sai ta girgiza abin da ke bayanta.
Ga kuma babur ɗinka a hanyar Cholire,
rami na miƙa ka ga rami.
Noti ba ya kwancewa rana ɗaya,
da kaɗan-kaɗan yake zare jiki,
kamar mai bashi da ya hango ka a kasuwa.

Na kwance su, na sa a murfin kwalba.
Mai ne dumu-dumu a haƙoransu.
Kai da son shafa mai, Hamajoda!
Mai abokin ƙarfe ne a ko'ina, ban da nan.
Na wanke da sifirit, na goge da auduga,
har ramin ma na bi shi da tsinke,
na bar su suka sha iska
muna shan shayi mai ɗaci.

Gam ɗin kanti, shuɗin nan, ya ƙare min tun azumi.
Na aiki Ladan gida:
ka ce wa Hajjo ta ba ni aron jan farcenta.
Ɗigo ɗaya, bai kai hawayen sauro ba,
a haƙoran kowane noti.

Na murɗa na gaba kaɗan, na koma na baya,
na dawo na gaba, na sake komawa,
kamar mai raba gado tsakanin tagwaye.
Da ƙarfen ya ce ya isa, na tsaya.
Mahaifina ya taɓa cinye haƙoran noti da ƙarfin tsiya,
ya biya bindigar mutane da kuɗin tunkiya biyu.
Tun ranar hannuna ya san inda ake tsayawa.

Sai na ja siririn layi ja
daga kan noti zuwa jikin ƙarfe.
Na ce, wannan ne shaidarka.
Ran da layin ya rabu biyu, noti ya motsa.
Kada ka harba yau, bar shi ya kwana.

Ya tafi. Damina ta zo, Binuwai ta cika,
dorinar ƙarƙashin gada ta koma sama.

Bayan Babbar Sallah sai ga shi,
ya ajiye libarba a wurin da ya saba.
Na duba da tabarau biyu:
layin Hajjo na nan miƙe, ko gezau.
"Na harba shida," in ji shi, "biyu suka samu."

Muka yi shiru.
Agogon liman na ta tafiya.

Na ce, akwai likitan ido bayan babbar kasuwa,
ran Talata ba layi sosai.
Ya ɗauki hularsa, ya juya ta a hannu.
"Kai za ka raka ni?"
Na ce wa Ladan ya kula da shago.