Kwalbar Mai a Kan Tebur

Ranar Litinin na shigo aji da kwalba a aljihu,
na dire ta gaban ɗalibai talatin da huɗu.
Ta taga, tekun Valparaíso na kan aikinsa,
yana aiko gishiri cikin iska,
gishirin da ke cin ƙarfe ba a jin taunarsa.

Nahuel ya ce, zuma ce?
Na ce jinin tsohuwa ne.
Jiya na ɗebo shi daga taransifomar bakin tashar jiragen ruwa,
wadda aka kafa tun uwarka ba ta yi wayo ba.
Da yana sabo, kana hango yatsanka ta bayansa.
Yau dubi, shayin da aka manta a kan wuta.

Na san abin da ya kawo su.
Kowa na so ya zana sabuwar tasha,
a yanka kyalle, a tafa, a ɗauki hoto.
Ni kuwa jinya nake koyarwa:
yadda ake sauraron gunjin ƙarfe da tsakar dare
a gane tari daga minshari,
yadda takardar da ke naɗe da jan ƙarfe
ke tsufa a ɓoye, zafi na gutsurarta kaɗan-kaɗan,
har ranar da ba ta da sauran abin bayarwa.

Na buɗe musu tsohuwar rajista.
Turke dubu tara, kowanne da lambarsa,
da shekarar da aka dasa shi,
da girgizar ƙasa nawa ya tsallake a tsaye.
A gefen wani shafi, wani ma'aikaci da ban taɓa gani ba
ya rubuta da fensir: wannan ya karkata, a duba.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Ba wanda ya sa hannu a ƙasa.

Sai jarrabawa.
Taransifoma uku, duka sun gaji,
kuɗin bana na ɗaya ne kawai.
Ta farko na ciyar da asibiti.
Ta biyu na riƙe da sanyin kifi a tasha.
Ta uku tana can ƙwanƙolin tudu,
inda gidaje ke manne da juna kamar masu tsoron gangarowa.
Na ce ku auna yiwuwar faɗuwa,
ku ninka ta da girman ɓarna,
ku ba ni amsa kafin ƙarfe sha biyu.

Maite Quilodrán ta riga kowa gamawa.
Lissafinta tsaf, ba inda zan sa jan biro:
asibiti yanzu, tasha baɗi,
ta tudu ta yi haƙuri shekara biyu.
Tana miƙo takarda idonta ya faɗa kan taswira,
yatsanta ya bi layin waya, ya hau, ya hau,
ya tsaya.
Ta ce, Malam, nan kakata take.
Maganinta a firji yake kwana.

Ajin ya yi tsit, har ana jin honin jirgi daga nesa.

Ban ce ta canza amsa ba.
Ita ma ba ta roƙa ba.
Ta dai janye takardar, ta koma ta zauna,
ta ƙara layi huɗu a ƙasa:
a rage wa ta tudu kaya lokacin sanyi,
a gwada manta duk wata uku,
a wanke gishirin da ke kan tangaran kafin hazo ya sauko,
a ajiye ta aro kusa, a kan mota.

Sannan ta sa hannu.
Ta danna biron har ya huda takarda.

Da yamma na ɗauki kwalbata zan fita,
na tarar an manna mata 'yar takarda:
kwanan wata, da sunan tasha,
da kalma biyu, a duba.