Canjina

Saboda dutse na bar layin.
Gidanmu a Rikkos yana bayan wani ƙaton dutse,
sabis in ya zo nan sai ya tsuguna, ya ƙi tsallakowa.
Mai mota daga Kano ya neme ni sau tara,
ana ce masa wayata a kashe take,
alhali tana aljihuna, idonta biyu.
Cinikin buhu arba'in na dankali ya koma hannun Dantala.

Washegari na sayi sabon layi.
Tsohon na kwantar da shi a kwalin ashana
da naira dubu ɗaya da ɗari uku da saba'in a cikinsa,
kamar wanda aka binne ba a laluba aljihunsa ba.

Ni ɗan kasuwar Farin Gada ne, na san haƙƙin canji.
Mama Kachollom ta taɓa mance ɗari biyu a wurina,
na ƙulle a leda, na soke a jikin rumfa,
bayan wata uku sai ga ta, na miƙa mata.
Ba ta cike fom ba.
Ban tambaye ta sunan kakarta ba.

Ranar Talata na hau keke zuwa Taminus,
ɗari uku.
Ofis na gilashi, an kunna na'urar sanyi
a garin da sanyi ke shiga ɗaki kyauta.
Lambata sittin da huɗu, ana kiran sha tara.
Na ƙirga fitilu, na ƙirga takalman mutane,
na je na yi azahar na dawo, ana talatin.

Yarinyar kan tebur, Nanret aka rubuta a rigarta,
ta ce, "Baba, katin ɗan ƙasa." Na ba ta.
"Lambobi biyar da ka saba kira."
Na kawo huɗu,
ta biyar ta tsaya mini a maƙogwaro.
Ta danna, ta danna, ta ce sai bayan mako biyu.
Keke, ɗari uku.

Dantala ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin kabeji:
"Ka sayar da akuya don ka fanshi igiya!"
Na ce ba kuɗin ba ne.
Ya ce to mene ne?
Na ci gaba da tsince ruɓaɓɓu.

Na koma ana tsuga ruwa,
mai keke ya ce ɗari huɗu, ruwan ma da kuɗinsa.
Nanret ta dubi hagu, ta dubi dama, ta rage murya:
"Baba, abin da ya shiga nan ba ya komawa takarda.
Hatsi ne, an riga an niƙa.
Ka mayar da layin a waya, ka cinye abinka da baki."

Da yamma na buɗe kwalin ashana.
Na hau dutsen nan, abokin gabata,
inda sabis ke tsugune yana jirana.
A ƙasa Jos tana kunna fitilunta ɗaya-ɗaya.
Lamba ta biyar ai ban mance ta ba:
Yaya Asabe, a Saminaka,
shekara biyu ba ma ga maciji
a kan iyakar gonar da ba ta kai tabarma uku ba.

Ta ɗauka, ta ce, "Wa ke nan?" alhali ta sani.
Na ce kamfani ne ya riƙe mini canji.
Ta ce, "Tun kana yawo ba wando ba ka yafe sisi."
Muka gaisa, muka bi masu rai da matattu:
jikarta ta yi haƙori,
ɗakin Inna na yoyo,
Malam Tanimu mai faci ya rasu da azumi.
Gonar ba wanda ya ambata.
Wata murya ta ratso tsakaninmu, wai saura minti ɗaya.
Yaya tana cikin dariya, irin ta Inna sak,
sai ɗif.

Na duba: saura naira huɗu.
Waɗannan na bar musu.
Na sauko a hankali, dutsen da santsi,
ina lissafin kuɗin motar Saminaka.