Kunnen Ƙarfe

Shekara talatin da ɗaya ina buga tafireta
a wani ofis a Tudun Jukun:
wasiƙun manya, takardun kora,
sunayen waɗanda aka ƙara wa girma.
Ko layi ɗaya babu nawa.
Da lokacina ya zo,
ashe yatsu sun riga ni ajiye aiki,
sanyin ƙashi ya murɗe su kamar ɗanyar citta.

Rumasa'u ce ta zo hutu daga Samaru,
ta jingina waya jikin gwangwanin madara,
ta ce, "Kaka, ki yi magana kawai, ita za ta rubuta."
Ni da aka biya albashi shekara da shekaru
don in yi shiru?

Na gyara murya kamar mai karanta labarai.
Na ce, Jatau ya shiga gari da yamma.
Ta rubuta. Sai dai ban sani ba
wane gari ta ji, na mutane ko na tuwo.
Na ce ƙasa ta karɓe shi, ta sa kasa,
maciji ya shigo mini babi na biyu ba sallama.
Na ce ya ɓata, ta ce ya ba ta.
Me ya ba ta? Wace ce ita?
Ƙugiyar nan da nake bi da biro ina ɗora wa haruffa
bayan na zare takarda,
wannan ma ba ta san da zamanta ba.

Ga iyayi.
In Jatau ya ce "matata ne,"
yadda bakin Zazzau ya saba,
sai ta gyara masa, wai "ce,"
kamar a Kano aka binne cibiyarta.

Kuma ba ta tace komai.
Ranar da Jatau ya je neman aiki tashar jirgin Sabon Gari,
sai ga "a sayi manja" a tsakiyar shafi,
sai ga "an kawo wuta,"
sai ga "kai, fice mini daga nan,"
wanda akuyar Lantana na yi wa.
Wannan na ƙarshen na bar shi.
Ya dace da bakin shugaban tasha.

Tafireta ba ta taɓa tona mini asiri ba,
ƙararta ma rufi ce.
Amma littafin da ake rubutawa da baki
ba ya jiran maɗaba'a.
Ranar Laraba ina shanya,
Lantana ta leƙo ta kan katanga:
"Wai ni kam, ya samu aikin?"
Zuwa Asabar yaranta uku na bakin ƙofata,
sun baza buhu, sun yi tsit,
kamar zan ce ga ta nan, ga ta nanku.

Babi na sha tara na ɓoye wa kowa.
Na bari unguwa ta kwanta,
janareton mai shagon caji ya mutu,
na jawo wayar kusa da leɓena,
na raɗa mata.
Allon ya tsaya fari fat. Ba ta jin raɗa.

To.
Sai na faɗa da ƙarfi, cikin ɗakina, ƙarfe ɗayan dare:
Jatau ba sunansa ba ne.
Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.
Ni na gaya wa Baba inda ya ɓoye kuɗin,
ina shekara tara,
ni na ga bayansa a kan dandamalin tasha
da akwatin kwano da takalmi ɗaya a hannu,
kuma jirgin Ƙaura bai dawo mana da shi ba.

Ta rubuta duka. Ba ta ɓata ko harafi ba,
ja'ira, yau ta ga damar ji.
Sannan na yi shiru mai tsawo,
ɗan sandan nan nata yana ƙyaftawa, yana jirana.
Shirun kam ba ta iya rubuta shi ba.

Da safe Rumasa'u ta duba, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, "Kaka, jimlar ƙarshe a buɗe take.
In kin gama, cewa za ki yi 'aya,' ita za ta ɗiga."
Na ce na ji.
Na ce ta miƙo mini kunun kafin ya huce.