Ƙwaryar Inna Tasalla

Ran da aka raba gadon Inna Tasalla a Birni,
Ma'azu ya ɗau keken ɗinki,
Barira ta ja akuya mai ciki.
Ni aka turo min ƙwarya mai ɗinki biyu,
aka ce, ke da kika yi lekol, ga naki,
duwatsu ne, sai ki yi ta dubawa.

Na kwance tsumman farko.
Jar kanwa, ta tsattsage kamar diddigen fatake.
Daga tafkunan Manga ta fito,
a bayan takarkari zamanin kakanta,
yau kamiyo ke sauke ta a kasuwar Dole.
Inna sai ta lasa take tayawa,
ta ce, wannan ta tumaki ce, miƙo min ta miya.
Wake ya yi taurin kai, ita ce.
Kuɓewa ta hana yauƙi, ita ce.
Da na haifi Laure, kwana arba'in
kununta nake sha, gumi na bin wuyana.
Na haddace dogon sunanta a aji, na ci jarabawa,
amma har yau yatsuna uku ba su san awonta ba:
ko tsami ya fi ƙarfina, ko in cika kanwa.

Ga ɓallin kantu, launin ƙasa.
Wani Buzu ya ba ta a Zango
bakin tiya biyu ta gero.
Wata guda gishirin ya yi a kan raƙumi,
bai taɓa shan inuwa ba sai a ƙwaryar tsohuwa.

Farar wuta, da ba fara ba ce, ba wuta ba.
Ta niƙa ta da man shanu ta murje mu,
shekarar da duk unguwa ke susar ƙazuwa.
Ta ce da ita, da gawayi, da wani gishiri mai sanyi
mutanen da suka haɗa albarushi,
garin nan ya zuba tagulla ya yi igwa.
Abu guda, in ji ta, tana shafa min tsakanin yatsu,
hannun da ya ɗauka ne ke sa masa suna:
wani warkewa, wani kashewa.

Alif ɗan mitsitsi.
Wanda ya yi bazara a Damagaram ya san shi.
Famfo ya yi shiru, a ɗebo na tafki ja wur,
ta kaɗa shi sau bakwai a randa,
laka ta durƙusa, sama ta zama ruwa.

Sai tandun tozali.
Nan ne muka ɓata.
Na ce, Inna, akwai dalma a dutsen nan,
kar ki sa wa jaririya.
Ta ce, da shi aka buɗe idon uwarki,
da shi aka buɗe naki da kike karanta min.
Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.
Ran na huɗu ta goya Laure, ido fes babu baƙi,
ba ta ce na yi gaskiya ba,
ta dai ce yarinyar ta fi kyau da dariya.
Nata idon kuwa ta ci gaba da rambaɗawa.

Ƙullin ƙarshe ba nauyi.
Na kwance, na kakkaɓe, ba komai,
sai zoben kore da ya kama tsumman,
irin koren da na sani a wuyan hannunta.
Barira ta ce, au, ba ki sani ba?
Shekarar da aka ce ki kawo kuɗin littattafai
ta kai wa maƙerin fari, ya auna, ya narkar.
Ban ko lura ba ran da ta daina sa munduwa.

Magariba ta yi, duwatsun Birni na sakin zafinsu.
Na ɗora wake.
Na gutsura, na rage, na ƙara kaɗan.
Ba mai ce min ya isa.
Laure na tsaye tana kallon yatsuna,
na miƙa mata ta lasa,
ta yamutsa fuska, ta sake miƙo hannuwa.