Kuɗin Kallon Ɓarayi

Wata goma sha takwas ina tari,
kwaca kan kwaca a gwangwanin madara,
don Tionenji ta ga zaki da idonta,
ba na bangon aji mai gezar alli ba.

Muka bar Chipata da jijjifi,
dafaffiyar gyaɗa a leda, shayi a filas,
Dalitso a cinyata yana warin barci,
mahaifina a gaba, hula har gira.
Agogo, haka jikoki ke kiran kaka a wajenmu.
Bai ce uffan ba sai a gadar Luangwa,
da ya ga ina ƙirga kuɗin shiga:
"Shekara talatin giwaye na cin masarata kyauta,
yau ni ne zan biya in gan su?
Ɓarawo ya ƙoshi, mai gona ya bi shi da tukuici."

Mista Sakala direba ya aza yatsa a leɓe,
doka ɗaya ce tak: a yi shiru.
To, wa ya taɓa ɗinke bakin ɗan shekara uku?
"Mama, fitsari," a gaban ɓauna arba'in.
"Mama, wa ya sa wa jakin nan rigar barci?"
"Mama, mun kusa isa?"
alhali muna tsakiyar abin da muka zo gani.

Raƙumin dawa ya ratso ta bayan ƙaya,
yana taku kamar mai tsoron fasa ƙwai.
Na nuna, na nuna, har kafaɗa ta sage,
su suna can suna faɗa kan murfin kwalba.
Ƙudan tsando ya ɗanɗana wuyana sau uku.
Dorina ta yi hamma,
na hango kuɗina a ƙasan maƙogwaronta.

Da rana ta take aka sauke mu ƙarƙashin nonon giwa.
Nan suka gamu da shi:
buzuzu ɗaya, baƙi wuluk, kai ƙasa,
yana tura dunƙulen kashi da baya-baya.
Ya hau tudu, kayan ya kuɓuce,
ya gangara, ya sake.
Rabin awa ba wanda ya nemi ruwa.
Shirun da direba ya roƙa tun safe,
ƙwaro ya samu ba tare da ya tambaya ba.

Zakanya ta zo da yamma lis,
ta kwanta taku goma daga tayarmu,
ƙudaje a hancinta, jini ya bushe a haɓa.
Na juya: su biyun sun yi nisa,
baki buɗe, kai ya jingina da kai.
Na kai hannu, Agogo ya riƙe shi.
"Bar su. Ba gudu zaki zai yi daga duniya ba."

Sai giwaye, a kan hanyar fita,
su tara, suna haurowa daga kogi.
Ƙaramin cikinsu ya zame a gaɓa,
ya yi zaman daɓaro cikin laka, ya kurma ihu.
Uwar ta dawo, ba tsawa, ba gaggawa,
ta sa haure a ƙasa, hanci a gindinsa, ta cicciɓa.
Mahaifina ya cire hula.
"Da dare kaɗai na san su,
ina buga gwangwani, ina ƙona barkono.
Ban san suna da 'ya'yan da ke faɗuwa ba."
Ya daɗe yana kallo, sannan ya ƙara:
"Amma dai ɓarayi ne."

Ran Litinin malama ta ce a zana hutu.
Tionenji ta cika takarda da ƙwaro mai ƙafa shida
da dunƙule wanda ya fi rana girma,
can a lungu wani tsoho, hula a hannu.
Zaki ko jelarsa babu.

Daren nan na ji ƙwal a cikin gwangwani.
Dalitso ne a kan kujera, ya yi ɗage,
ya jefa maɓallin riga.
"Na komawa ne," in ji shi,
"mu ga ko ya kai kayansa gida."